Ƙofar da Dogo Ya Fasa

Zuwa ga Maman yara,

Yau shekara huɗu da wata biyar rabona da gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Auta da duk mai tambayata. Ya ƙafar da kika ce tana kumbura? Ni dai ga ni nan, baya na ciwo, gwiwa na ƙara, amma ana hawa bene ana saukowa.

Kin san ba na iya magana a waya. Mu takwas ne a ɗakin nan, gado bisa gado, ko tari na yi sai na gadon sama ya ce mini sannu. Shi ya sa na ba direbanmu da zai zo hutu wannan takarda.

Auta ta turo mini hoto ranar da ta zo daga makaranta, tana tsaye a tsakar gida tana nuna mini sabon takalmi. Ban ga takalmin ba. Abin da na gani a bayanta ƙofa ce, a bangon da ban bar ƙofa ba. Maman yara, wa ya fasa mini bango?

Kin fi kowa sanin ɗakin nan na bakin titi shago na gina shi. Ƙofarsa ɗaya, tana kallon titi, kuma da gangan na yi haka don kada mai sayen ƙusa ya leƙa mini tsakar gida. A cikinsa zan dawo in zauna, in sayar da siminti da fenti, in daina ɗaukar bulo da furfura a kaina. Da zan taho, ɗanmu Dogo ya roƙa in bar shi ya riƙa kwana ciki kafin ya samu aiki, na ce to. Aikin gyaran firij ya samu tuntuni. Shekararsa talatin da ɗaya, amma maimakon ya nemi hanyar fita, sai ya buɗe wa kansa gajeriyar hanya zuwa tukunyarki.

Na ƙara girman hoton har idona ya yi ruwa. Ko linta bai sa ba, ƙarfe da kankaren da ke ɗauke nauyin saman ƙofa. Tsaga ma ta fara. Wai kuma ɗan magini.

Na tambayi mutanen ɗakinmu yaushe ya kamata ɗa ya bar gidan ubansa, ban ce nawa ba ne. Kafinta ya ce ranar da ya karɓi albashin farko. Mai fenti ya ce sai ya yi aure. Kukunmu ya ce ai ba ya tafiya sai ranar da uwarsa ta daina ɓoye masa cinyar kaza. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Ina ɗan shekara sha tara na bar gidanmu da tabarma da cokalin gini. Ban ce ɗanki lalatacce ba ne. Ba ya shaye-shaye, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba, na kuma san shi ke biyan kuɗin wuta. Amma namijin da ya yi gemu ya kamata a ce yana da ƙofar da shi ke rufewa. Ki gaya masa ya toshe mini bangona, ya nemi ɗakin haya kafin ƙarshen shekara.

Ki gaishe da maƙwabta. Ki riƙa danna sakatar ƙofar gida kamar yadda na roƙe ki.

Naki,
Magini

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardata ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya gida, ya kaɗaici?

Saƙon muryarki ya iso. Na saurare shi a bayan tulin yashi, inda ba mai ji. Kin ce in yi haƙuri, in bar yaro ya zauna, akwai dalili. Ban ji dalilin ba. Na mayar na sake ji ko na tsallake shi, babu. Haƙuri dai, kamar kullum, kuma kullum ni ake ba wa.

To bari in gaya miki abin da ban faɗa ba a waccan. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekara. Shugaban aiki ya kira ni ofishinsa, ya ajiye mini takardar ƙarin shekara biyu, ya ce yana son amsa kafin wata ya mutu. Ya dube ni ya ce na tsufa amma layina bai taɓa karkacewa ba. Yabo ne, amma ji na yi kamar ana yabon jaki.

Shekaranjiya ina hawa na shida da bulo a kafaɗa gwiwata ta saki. Da ban kama rodi ba da wani ne zai rubuto miki. Ban gaya wa kowa ba, don a nan wanda ya ce wayyo gobe sunansa ba ya cikin masu aiki. Jikina ya gama ba ni amsa. Ba ni da shekara biyu a ƙafafun nan.

Amma in na dawo, ina zan dosa? In zauna a tsakar gida ina kallon ɗana yana fitowa daga shagona da buroshi a baki? In koma bin 'yan kwangila ina roƙon aikin kwana ɗaya, yaran da na koya wa riƙe cokali suna ce mini Baba sannu, yau babu? Duk ranar da na ci gayan abinci a nan don in tara jarin siminti da fenti, shagon nan nake gani.

Na san yadda kike da Dogo. Ke kika raine shi ina yawon gini gari gari, ban ƙi wannan ba. Amma so ne ke sa ki riƙe shi har ya manta ƙafarsa na iya kai shi wani wuri. Ranar da ba mu, wa zai ɓoye masa cinyar kaza?

Ga maganata, kuma ba zan sake ta ba. In ya toshe bangon ya tashi, zan mayar wa shugaban aiki takardarsa in dawo gida. In yana nan, zan sa hannu, ku ci gaba da zamanku ke da ɗanki, ni kuma in Allah ya ƙaddara a nan zan faɗo, shi ke nan. Ba barazana nake miki ba. Lissafi ne, na yi shi ta kowace fuska bai ba ni wata amsa ba.

Ki gaishe da Auta in ta kira. Allah ya bar mu tare.

Naki,
Magini

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki? Na ji muryarki ta yi ƙasa a saƙon jiya, kika ce mura ce. Ki sha magani.

Na samu labari ya tashi. Wai ɗaki ya kama can bayan tashar mota, kusa da wurin aikinsa, kwana uku kacal bayan takardata ta iso. Ban zaci zai yi saurin haka ba, ni ƙarshen shekara na ce. Na kira shi don in ce ya kyauta. Ya ɗauka, ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce, “An yi yadda ka ce, Baba.” Na ji ƙarar injin firij a bayansa har kuɗina ya ƙare.

Na mayar wa shugaban aiki takardarsa ban sa hannu ba. Ya ce zan yi nadama, ya riga ya ba wani gurbina. Ke nan ba komawa. Ya kamata in ji daɗi, amma tun ranar abinci ba ya shiga. Auta ma in na kira sai ta gaishe ni kamar baƙo, ta ce tana da jarrabawa.

Na ga hoton bangon da ya toshe. Maman yara, wannan ba gini ba ne, jera bulo ne. Kwaɓin yashi ne zalla, simintin kamar an barbaɗa gishiri, daga launinsa na gane. Bai ɗaure sabon bulo da tsohon bango ba, bai yi filasta ba. Da ƙafa ɗaya zan ture shi, ni mai ciwon gwiwa. Yaron da tun yana ɗan shekara goma yake kwaɓa mini siminti ya san yadda ake yi. Fushi ne ya sa ya yi mini aikin ganin dama, kuma na fahimta, amma ba zan karɓa ba.

Ki ce masa ya zo ranar hutunsa ya rushe, ya sake da siminti mai ƙarfi, ya shafe ciki da waje har a manta an taɓa yin ƙofa a wurin. In ya gama ya ba ki mukullin shagon ki ajiye mini. Wanda ya tashi ba ya riƙe mukulli.

Tunda yanzu ke kaɗai ce, sakatar nan kada ki yi wasa da ita. Katangar dai na yi mata tsawo, na dasa mata fasassun kwalabe, ba mai haurowa.

Naki,
Magini

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Ya kwanan asibiti? Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗunki.

Auta ta kira ni, tana kuka tana yi mini faɗa, irin faɗan da ban taɓa zaton 'yata za ta yi mini ba. Ban katse ta ba. Ta ce ciwon suga ne, shekara biyu ke nan, kuma ke kika sa su rantse ba za su gaya mini ba don kada in bar aiki kafin in tara jarin shago. Ta ce ranar da kika fara faɗuwa a bakin banɗaki da asuba, Dogo yana jin nishinki ta bango, ƙofar gida a danne da sakatar da nake ta yi miki nasiha a kanta. Katangata ya haura. Kwalaben da nake alfahari da su suka yaga masa tafin hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasa sosai. Yana dawowa daga ɗinki ya ɗauki guduma ya fasa bango da hannu ɗaya. Ni kuma ina nan ina neman linta.

Ta ce da ya tashi, kullum sai ya biyo kafin ya tafi aiki ya buga ƙofa ya ji muryarki. Ranar Talata ya buga ba amsa. Ya buɗe shagon da mukullin da na ce ya mayar, ya sa ƙafa ya ture bulon da na ce ya sake da siminti mai ƙarfi. Likita ya ce da an ƙara awa guda da ba haka ba.

Na zauna a bakin gado ina tunanin kwaɓin nan. Na ga yashi ya yi yawa, na ga bai ɗaure bulo ba, na ga ƙafa ɗaya za ta ture shi, har na rubuta da hannuna. Duk na gani, ban tambayi me ya sa ɗan magini zai yi haka ba. Da ya bi maganata ta ƙarshe, da yau ta'aziyya ake yi mini a ɗakin mutum takwas.

Ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Kin bar ni ina yanke hukunci ido a rufe. Da kin ce mini kalma ɗaya da na dawo tun bara, ko shagon zai zauna ba ƙusa ko ɗaya a ciki. Amma na san don wa kika yi shiru, don haka haushin ba shi da inda zai sauka.

Abu na ƙarshe da Auta ta faɗa shi ya fi tsaya mini. Ta ce idonki ya daina ganin rubutu tun bara, kuma duk takardun nan Dogo ne ke karanta miki su, bai taɓa tsallake layi ɗaya ba, har wurin cinyar kaza.

To, kai mai karantawa. Na san kana zaune a bakin gadon asibiti da takardar nan a hannun da katangata ta yanka. Ka ɗan dakata ka ji. Har yanzu ina kan cewa namiji ya kamata ya samu ƙofarsa, ban janye ba. Amma lokacin tashinka ba ranar albashin farko ba ne, ba ranar da ka yi gemu ba. Sai ranar da na sauka na karɓi gadin da ka riƙe mini. Kafin nan ka kwaso kayanka ka koma shagon, roƙonka nake. Ramin bangon kada ka toshe. In na zo ni da kai za mu zuba masa linta, rodi huɗu, mu sa ƙofa mai buɗewa ta kowane ɓangare. Bayan nan in ka ga dama ka tashi, mu nema maka ɗaki a layinmu, inda in an kira za ka ji. In kuma ranka bai huce ba ka fi son bayan tasha, ba zan ga laifinka ba. Ka amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Ki gaishe da Auta, ki ce mata faɗan ya isa inda aka aike shi. Ki ci abin da likita ya ce, ki bar sakata a buɗe.

Naki,
Magini

Tunda yau ake faɗin gaskiya, ga abin da na iya tarawa a shekarun nan bayan abin da na turo. Albashin wata tara ne. Tikitin dawowa zai ci biyu. Uku na asibiti da maganinki. Ɗaya na ƙofa da linta. Biyu na hayar ɗakin Dogo, duk inda ya zaɓa. Saura ɗaya, shi ne jarin shago.