Wutsiyar Jirgin Mushe Isa

Litinin, 6 ga Nuwamba
Yau na fara zuwa rumfar Kawu Alhasan, inda yake gyaran radiyo da salula. Idonsa ya fara rauni, yana neman mai ƙananan yatsu. Sati biyu zai gwada ni. Inna ta ce tunda ban ci jarrabawar shiga kolej ba, in bai riƙe ni ba sai tallar kunu a tasha. Talla kuma sai da kira. Ni ko a aji ba a jin muryata.

Laraba, 8 ga Nuwamba
Mushe Isa, malaminmu na lakwal, wato firamare, ya kawo jirgin wasa mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa daga nesa da telekomand. Ya bugi katanga, wutsiyar ta karye. Bututu ce siririya, waya biyu na bi ta cikinta zuwa ƙaramar farfela ta baya. Ya nemi irinta har Damagaram, babu. Ya gaishe ni, na kalli ƙasa.
Kawu ya jera guntayen, ya auna da hannu, ya ce, "Taƙi ɗaya da yatsu biyu. Aikinki ne, Zaliha." Ya watsa su a shara.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Na fara neman abin da zai maye wutsiyar. Ƙarfen laima ya yi nauyi. Karan gero ba nauyi, amma murɗewa yake.

Asabar, 11 ga Nuwamba
Eriyar tsohuwar radiyo. Ba nauyi, cikinta rami. Na auna taƙi ɗaya da yatsu biyu, na yanke. Zura wayoyin kaɗai ya ci daga azahar zuwa la'asar. Dalma ta ƙona mini babban yatsa. Ba sosai ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba
An gwada a bayan rumfa. Ya tashi kamar kamu biyu, sai ya hau juyi a wuri guda kamar katantanwa, ya faɗi a yashi. Mamadu mai shayi, maƙwabcinmu, har da riƙe ciki. "Alhasan, wannan jirgi tiramol ya sha?"
Kawu ya ce liƙin wayata ne bai yi ba. Saura sati guda.

Talata, 14 ga Nuwamba
Na kwance liƙin, na duba. Lafiyarsa lau.
Da hantsi Kawu yana auna wa wani waya, sai idona ya tsaya kan hannunsa. In ya ware shi, radiyo guda yake rufewa. A gida na ɗauko regil, abin awona na lakwal, na auna nawa taƙin. Santimita goma sha shida. Kenan wutsiyar ce ta gajarce, shi ya sa farfelar baya ta kasa riƙe jirgin.
To Kawu yayan Inna ne. Ta ina zan fara.

Laraba, 15 ga Nuwamba
Ban faɗa ba. Inna ta wanke bokitin kunu, ta kife shi a rana.

Alhamis, 16 ga Nuwamba
Na ce, "Kawu, ara mini hannunka." Ya ce, "Me? Ɗaga murya, 'yar nan, ba da tururuwa kike magana ba." Ga Mamadu a tsaye da kofi. Na sake faɗa. Ya ware hannun kan regil. Ashirin da biyu. Na ware nawa kusa da nasa.
Kawu ya dubi hannayen biyu. Mamadu ya ce, "Shekara talatin da wannan faranti kake auna wa mutane kaya?" Kawu ya ce ya tafi ya ji da shayinsa da ba sukari. Daga nan ya buɗe akwati, ya ciro wata eriya, ya ajiye gabana.

Asabar, 18 ga Nuwamba
Jirgin ya tashi. Ya tsaya cak a sama, hancinsa na kallon bishiyar dalbejiya. Mushe Isa ya kai shi bisa rumfar mai nama, ya dawo da shi. Ya tambayi wanda ya yi aikin. Kawu ya nuna ni da haɓa.

Litinin, 20 ga Nuwamba
Sati biyu sun cika. Kawu bai yi zancen ba, makullin rumfa kawai ya ba ni, wai gobe in riga shi buɗewa. Yana masallaci wata mata ta kawo radiyo, ta ce za ta jira mai gyara. Na ce ta bari a nan, ta dawo Laraba. Ta bari.
Ina jin don tana sauri ne.