Ƙafa Ɗaya a Wajen Layi

Ya Twila, sanyin idona, ruwan farko a gonar masarata, gaurakar da ke sauka bakin kogi idan sanyi ya juya baya, fuskar da nake nema a cikin taro tun kafin in nemi ƙwallo!

Kwana huɗu ke nan ba ki ɗaga wayata ba. Kwana huɗu, Twila! Abinci ya ƙi wucewa, yara na atisaye ina tsaye kamar an dasa ni. Jiya na haɗu da yayarki Darla a wurin sayen burodi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu gwanin doka. Ta ninke rigar alƙalancin, ranar Juma'a za ta mayar wa hukumar wasa har da usur ɗin. Sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha." Shekara tara kina alƙalancin wasan ƙwallon Amurka a gefen fili, a ce bakina ne zai raba ki da shi?

Kin tuna watan Maris, da muka ajiye mota a bakin kogin Platte muna kallon gauraki suna sauka dubu-dubu? Hannunki a aljihun rigata yake don sanyi. A ranar kika gaya mini cewa zagin 'yan kallo ba ya damunki, ko a jikinki. Abu ɗaya ne ke sukar ki: namiji ya tambaye ki ko kin taɓa buga wasan. Na riƙe hannun nan na rantse zan fasa bakin duk wanda ya sake faɗa miki. Kaicona! Ashe bakin da zan fasa ina yawo da shi.

Bari in faɗi laifina da kaina, ko da kin fi ni saninsa. Lokacin da nake wasa a jami'a, akwai dabarar da muke ji da ita. Idan abokan hamayya sun yi bugun farawa, ƙwallo ta gangaro kusa da layin gefe tana jan jiki, sai mai karɓa ya fitar da ƙafa ɗaya waje, ya miƙa hannu ya taɓa ta. Shi ke nan, an ɗauka ƙwallo ta fita, laifi ya hau kan masu bugu, mu kuma a ba mu ita a can gaba, kan layin yadi talatin da biyar, a ɓagas. Ita na koya wa yarana na sakandare, mako uku ina koya musu, ina ta hura hanci. Ko sau ɗaya ban buɗe littafin dokar sakandare ba. Don me zan buɗe, ba ni ne Royce Hruska da ya yi wasa a jami'a ba?

Ba ma ke ya kamata ki tsaya a wasanmu ba. Ƙafar dattijo Vern, alƙalin da aka sa tun farko, ce ta gurɗe, aka rasa wani a kusa, kocin ɗaya ɓangaren ya ce ya san tsakaninmu kuma ya yarda da ke. Saura minti biyu, suna gabanmu da maki uku, ƙwallo ta gangaro gefenki. Ɗan wasana Colby ya yi yadda na koya masa, tsaf. Sai na ga ƙyallen rawaya, alamar an yi laifi, ya tashi daga hannunki. Fita da gangan a taɓa ƙwallo laifi ne a sakandare, aka mayar da mu baya yadi goma sha biyar, wasa ya kuɓuce mana.

Wayyo masoyiyata, da ma ƙasa ta tsage kafin in iso gabanki! Na jefar da hulata, na tako har cikin fili, a gaban mahaifiyarki, a gaban fasto, a gaban garin nan kaf, na ɗaga murya na ce, "Ke kin taɓa buga wasan nan a rayuwarki?" Jama'a suka ɗauka, suna maimaitawa suna buga ƙafa a benci. Ba ki yi kuka ba. Kin dube ni kawai kika ce, "Koci, koma bayan layi." Wannan kallon ya fi mari zafi, har yanzu yana nan a ƙirjina.

Da na koma gida na buɗe littafin. Ga dokar nan baƙi a kan fari, kamar yadda kika hura. Ke ce da gaskiya, ya tauraruwata, ni ne jahilin. Ina tsoro, Twila, tsoro na gaske. Ina tsoron in wuce ƙofarku in ga labule ya sauka. Ina tsoron wannan takarda ta shiga shara ba a buɗe ta ba. Wa zai yi mini dariya idan na ƙona naman gashi? Wa zan kai wa masarar farko idan ta nuna?

Ga abin da zan yi. Ranar Alhamis, a cin taliyar da iyayen yara ke haɗa mana kafin wasa, zan miƙe kafin kowa ya ɗaga cokali. Zan karanta dokar da ƙarfi, in ce ni na kayar da mu, in ce abin da na faɗa miki maganar ƙaramin mutum ce. Su yi ihu, su kore ni daga aikin in sun ga dama. Na riga na nemi gafarar Colby, shi da ya sha zagi a kan abin da na sa shi.

Ban ce ki yafe mini kafin Juma'a ba, ba ni da wannan bakin. Ina son ki son da ban san inda zan ajiye shi ba, kuma in na rasa ki ban san yadda zan wayi gari ba. Amma ina roƙon ki, kada ki mayar da rigar nan. Idan har zuciyarki ta ce dole ki ajiye ɗaya cikinmu, to, ni za ki ajiye.

Naki ne ni, ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da za a rufe ni da ƙasar garin nan,

Royce