Tsutsa a Tankin Tarwaɗa

Yaya Sulemana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya iyali, ya yara? Mu nan Choggu lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Tun Litinin tarwaɗata ke mutuwa. Malamin kifi ya duba a madubin likita, ya ga tsutsotsi masu faɗi manne a jikin kifayen. Ya ce iri biyu ne, mai haihuwa da mai yin ƙwai, kuma magani ba ya kashe ƙwan. Sai Alhamis zai tantance wacce ce.

Yaya, kafin in sani na tsoma komar da nake kwasar kifina da ita a tankinka da ka bar mini amana. Yau biyu daga cikin kifayenka sun juya ciki sama.

Ka gaida kowa. Ka yi mini addu'a kafin ka yi mini faɗa.

Ƙaninka,
Awudu