Cibiyar Habibu Tana Gindin Durumi

Zuwa ga Alhaji Sale, Shugaban Kwamitin Tantance 'Yan Takarar Majalisar Wakilai ta Tarayya na mazaɓarmu.

Daga Rabi Idi Tela, unguwar Rusaifa, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da ƙafar nan taka ta hagu da take ba ka wahala wajen ɗawafi. A gaishe mini da mahaifiyarka Hajiya Gambo, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Ka riƙe sunanta a ranka, ranka ya daɗe, don za mu dawo kanta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce yayar Malam Habibu, malamin makarantar nan na Dutsen Kanya da ya ajiye alli ya sayi fom ɗin takara a jam'iyyarku. Mahaifinmu, marigayi Malam Idi Tela, ya zo aikin Hajji da mahaifiyarmu, Allah ya rubuta masa zama, ya kafa keken ɗinkinsa a unguwar Nakkasa ta nan Makka, a can aka haife mu. Habibu yana da shekara goma aka mai da shi gida, ni kuwa aure ya riƙe ni a nan. Na kira wayarka sau uku ba ka ɗauka ba, ga shi kuma a bainar jama'a ka yi maganarka, shi ya sa ni ma na shimfiɗa tabarmata a bainar jama'a. Ranar Alhamis mai zuwa za ku fitar da sunayen waɗanda za su shiga zaɓen fid da gwani, an kuma ce mini sunan ƙanena ba ya ciki.

Na ɗaya. An turo mini muryarka a waya, daga taron da kuka yi ranar Asabar. Na saurara sau biyar, har da ƙarar cokalin shayinka. Ka ce kujerar nan ta ɗan asalin ƙasa ce, ba ta baƙo ba. Ka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sannan ka rufe da cewa, "Wanda cibiyarsa take Makka, ya je ya tsaya takara a Makka." Aka yi dariya, aka tafa. Wallahi ni ma na yi dariya, don ka iya magana, ba yau ka fara ba. Amma da na ajiye wayar sai na ji ƙwalla. Ni ba lauya ba ce, tuwo nake sayarwa, amma masana sun ce mini abin da doka take nema shi ne mutum ya zama ɗan Nijeriya, kuma wanda iyayensa 'yan ƙasa ne shi ma ɗan ƙasa ne ko a cikin jirgi aka haife shi. Takardar shaidar asali ma yana da ita, da sa hannun mai unguwa da na ƙaramar hukuma. Ka ce takarda kowa yana iya samu. To, madalla, mu bar takarda.

Na biyu. Yaushe muka zama baƙi, Alhaji? Azumi goma sha ɗaya ke nan kana zuwa Umara, kuma ban taɓa ganin ka sha ruwa a otal ba. Da ka sauka, kafin ka warware harami, sai waya: "'Yar garinmu, mun iso, a kaɗa miyar kuka." Ba kai kaɗai ba, har da tawagarka. A shiƙata, wato ɗan gidan benen da nake haya, akwai katifar da jikokina suke kira katifar Ciyaman, ba mai hawa sai kai. Ka ce shinkafar Larabawa tana tsaya maka a ƙirji, na tuƙa maka tuwon dawa. Ka ce sanyin na'ura yana tayar maka da ƙafa, muka kashe, muka zauna cikin zafin Makka muna fifita saboda kai. Bara, kana suɗe kwano, ka ɗaga hannu ka ce wa mutanenka, "Ku ga albarkar gida, jini ba ya ɓata ko a ina yake." Ban ga ka nemi takardar asalina ba kafin ka sa loma. Ashe jinin nan a bakin tukunya kawai yake aiki, in an zo bakin akwatin zaɓe sai ya tsinke?

Kada ka ɗauka gori nake maka. Haka ubanmu ya bar mana: duk wanda ya fito daga Dutsen Kanya, gidan Idi Tela gidansa ne. Tun muna Nakkasa, a kan dutse, inda sai ka hau matakala har numfashinka ya sarƙe, alhazan garinmu nan suke zubewa. Mu muke raka tsofaffi Harami, mu muke bin layin asibiti da marasa lafiya muna yi musu tafinta, mu muke neman wanda ya ɓace a hanyar Aziziyya. Waɗanda Allah ya yi wa cikawa a nan, mu muka bi gawarsu. Ba mu taɓa tambayar kowa inda cibiyarsa take ba.

Na uku. Bari mu duba wanda ya bar gida. Habibu shekara talatin da biyar ke nan yana shan ruwan rijiyar Dutsen Kanya. A can ya yi aure, a can ya binne ɗansa na fari, wanda ya rasu a bakin rafi da damina saboda babu gadar da za a haye da shi zuwa asibiti. Tun ran nan maganar gadar nan ba ta bar bakinsa ba, da maganar ɗakin haihuwar da ba shi da ungozoma, da takin da yake isowa bayan an yi girbi. Abin da yake so ya kai Abuja ke nan. Rabin matasan da suke riƙe maka jaka shi ya koya musu ƙirga. Larabcinsa ma ya zube, in ya kira ni 'ya'yana dariya suke masa.

Shi kuwa ɗan asalin da ake so a ba tikiti, ba zan kama sunansa ba, shi ma ya ci tuwona. An haife shi a garin, ban musa ba. Amma ran da ka kawo shi gidana, na tambaye shi labarin kasuwar Laraba, sai ya tsaya yana kallonka, kai ka raɗa masa cewa an mai da ita Lahadi tun shekara bakwai. Na tambaye shi gada, ya ce ai ya ji an gama. Kai kanka sai da ka ƙware da shayi. Ban ce kada ya tsaya ba, Allah ya ba mai rabo sa'a. Cewa na yi a bar su su biyu a gaban mutanen gari, su suka san wanda yake zuwa musu jana'iza.

Na huɗu, kuma a nan nake so ka gyara zama. Tunda cibiya ka kawo, to mu yi maganar cibiya.

An haifi Habibu saura 'yan kwanaki a hau Arafa, ina da shekara tara, ina kuma tune da komai. Gidanmu cike da alhazan gari. Naƙuda ta kama mahaifiyarmu da hantsi, babu halin sauka daga dutsen nan a cikin cunkoso, sai wata hajiya daga cikin baƙinmu ta ɗaura zane ta kori maza waje, ta karɓi haihuwar. Ita ta yanke cibi, ita ta yi masa wankan farko, ita ta riƙa gasa masa cibiya safe da yamma. Da ta bushe ta faɗi, mahaifinmu ya ɗinka wata 'yar jaka da ƙyallen farin yadi, ya sa ta a ciki. Ya ce a gidansu, tun kakanni, cibiyar kowane ɗa a gindin durumin ƙofar gida ake binne ta, tasa tana can, ta ubansa tana can, ba zai yarda ta ɗansa ta kwana a wani wuri ba. Ya durƙusa ya roƙi hajiyar nan ta kai masa amana gida. Ta ƙulle jakar a haɓar zanenta, ta ce ko zamzam ɗinta zai zube a hanya, wannan ba za ta ɓata ba. Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, an karanta mana a tsakar gida: ta kai, an haƙa, an binne, an yi addu'a.

Alhaji, hajiyar nan ita ce Hajiya Gambo. Tana nan a ɗakinta na cikin gidanka, taku ashirin daga inda kake karyawa. Durumin ma yana nan, a inuwarsa kuka kafa rumfar jam'iyya a zaɓen da ya wuce. Wato ran da kake cewa cibiyar Habibu tana Makka, ƙila ma ka sha taka ta da takalminka. Ban gaya wa Hajiya abin da ka faɗa ba tukuna, don ina jin tausayinka. Na san bakinta, kai ma ka san shi. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ni ce dai ban samu mai kai tawa ba. Shekarar da aka haife ni ba wanda ya zo daga gari, sai aka binne ta a bayan ɗakinmu na Nakkasa. Yanzu an rushe wajen, an baje, ko ƙofar gidan ba zan iya nuna maka ba. Shekara hamsin da huɗu ina Makka, har yau da iƙama nake zaune, takardar izinin zaman baƙo, ana sabunta mini ita kamar jiya na sauka. A nan a ce mana Takari, wato baƙi daga Afirka, mu amsa. Abin da yake sanyaya mini rai shi ne in ce wa jikokina muna da gari, ga kakanku Habibu can, ba mai tambayarsa takarda. Ranar Asabar ɗin nan, da suka ji muryarka, babbar cikinsu ta tambaye ni da Hausarta mai gauraye da Larabci, to mu 'yan ina ne? Sai kawai na tashi na shiga kicin. Wannan ya yi mini ciwo, Alhaji, ba zan ɓoye maka ba.

Buƙatuna uku ne, ba su da nauyi. Ka shiga wajen Hajiya kafin Alhamis, ka tsuguna, ka tambaye ta abin da ta ƙullo a haɓar zanenta daga Makka. Ka mayar da sunan Habibu cikin jerin masu takara, in ya faɗi a zaɓe ya faɗi da ƙafarsa, ba za ka ji bakina ba. Sannan, tunda da murya ka kore shi, ka yi wata muryar ka dawo da shi, a turo mini in kunna wa jikata.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da zugar 'yan siyasa, ya ba ƙafarka lafiya, ya sa ka gama da Hajiya lafiya. Allah ya ba mazaɓarmu wakilin da ya san hanyar rafi. Allah ya maimaita mana azumi.

Katifarka tana nan, kuka da daddawa ma na tanada. Ko ka gyara ko ba ka gyara ba, in ka sauka ka kira, zan ɗora tukunya, don wasiyyar ubana ce. Sai dai ka yi shiri tun daga jirgi: in ka buɗe baki ka ce "'yar garinmu", yarinyar nan ce za ta buɗe maka ƙofa, kuma za ta tambaye ka wane gari.

Wassalam.

Taka 'yar garinku, in har ka yarda,
Rabi Idi Tela.