Ƙofofin da Ke Tsakanina da Inna

Litinin, 6 ga Mayu

Na kafa kyamarar a saman kabad ɗin falo, tana kallon kujerar Inna da hanyar banɗaki. Tun da ta zame ta karye a ƙugu ba ni da natsuwa. Yanzu ta fara takawa da sanda, ni kuma hutuna ya ƙare, gobe zan koma ɗakin gwajin jini. Na tambaye ta ko ta yarda. Ta ce, "Auta, in dai ba za ta kama ni ina gyangyaɗi ba." Hoton na fitowa tar a wayata.

Talata, 7 ga Mayu

A wurin aiki kuwa baƙi ƙirin. Ashe a cikin gida kawai take nunawa. Sau goma sha ɗaya na kira Inna yau. A na ƙarshe ta ce in bar ta ta sha iska.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mai shagon da ya sayar min ya ce akwai hanya mai sauƙi: hoton ya riƙa bi ta kwamfutocin masu ƙera kyamarar, can wata ƙasa. A'a. Uwata ba ɗankwali, a ajiye a injin wasu? Ɗayar hanyar ita ce in buɗe ƙofa a rautata, na'urar da ke raba intanet a gidan, wadda Inna ke kira mai ƙaho saboda eriyoyinta. Na karanta da hutun rana. Duk wanda ya zo daga waje wata lamba yake ƙwanƙwasawa, rauta ce za ta ce masa bi nan, ga kyamara. Na buɗe ƙofa mai lamba 8554, na sa doguwar kalmar sirri. Har na fara jin kaina injiniya.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bai yi ba. Injiniyar ta koma ɗibar jini.

Asabar, 11 ga Mayu

Na gano! Na zauna a ƙasa na bi waya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake bin samfurin da ya ɓace. Mai ƙaho ba ita ce a bakin titi ba. A gabanta akwai farin akwatin da kamfanin intanet ya manna a bango, shi ma rauta ce mai zaman kanta. Adireshin da ya ba tawa da 192 ya fara, wato na cikin gida. Ƙofar ɗaki na buɗe, ta zaure tana garƙame.

Na shiga akwatin da kalmar sirrin da ke liƙe a bayansa. Sunan wayifai kawai ya bari in canza. Sauran duk kamfani ya kulle. A bangona, da wutata.

Lahadi, 12 ga Mayu

Daga cikin gida ba a sanin ko ƙofa ta buɗu, sai an ƙwanƙwasa daga waje. Datar wayata kuma ba ta kamawa sai a bakin titi. In canza abu ɗaya, in sauka bene biyu, in gwada, in hawo. Sau tara. Mai wankin mota har ya tambaya ko lafiya.

Inna tana kallona ina haki ta ce, "Ki kira yayanki mana, ai shi a waje yake."

A waje yake kam. Da Inna ta karye, kwana biyu ya yi da mu a asibiti ya ce aiki na jiransa, ya bar ni da komai. Na faɗa masa abin da na faɗa masa a barandar asibitin. Wata huɗu ke nan ba ma magana.

Talata, 14 ga Mayu

Na kira kamfani sau uku. "Ki kashe ki kunna." Na kashe na kunna. A na ukun na ce, "'Yar'uwa, ba intanet ɗina ba ne ya ɗauke. So nake ku mayar da akwatinku gada, ya daina yanke hukunci, ya bar komai ya wuce zuwa rautata." Ta ce in riƙe layi. Da ta dawo muryarta ta canza, har da ranki ya daɗe. Za su turo ma'aikaci ranar Asabar.

Laraba, 15 ga Mayu

Na tura wa Yaya saƙo. Aiki ne kawai: ga manhaja, ga adireshi, ga kalmar sirri, in na ce ka gwada ka gwada. Ko gaisuwa ban sa ba. Ya amsa, "To, Auta." Shi ke nan.

Asabar, 18 ga Mayu

Ma'aikacin ya zo, dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci. Ya fara yi min bayani a hankali kamar mai lallashin mara lafiya, sai na miƙa masa takardar da na zana komai, akwati da kibiya da lambobi. Ya duba ya ce, "Wa ya zana miki?" Na ce hannuna. Ya cire tabarau ya sake sakawa.

Ya kira ofishinsu, aka mayar da akwatin gada. Na kira Yaya, karo na farko da na ji muryarsa cikin wata huɗu. "Ka ga wani abu?" "Baƙi ƙirin."

Ni na hango sabon adireshin da aka ba mai ƙaho, da 100 ya fara. Na nuna wa dattijon. Ya yi tsaki ya ce, "Kin kama mu. Wannan ba naki ba ne ke kaɗai, gidaje da yawa ne ke fita ta ƙofa ɗaya a wurinmu. Wanda ya ƙwanƙwasa ba a san gidan wa yake nema ba." Ashe bayan zaure akwai ƙofar unguwa. Ya cike min takardar neman adireshi nawa na kaina. Da zai tafi ya ce in na gaji da jini akwai wuri a motarsu.

Yaya bai kashe wayar ba duk tsawon lokacin. Ina jin numfashinsa.

Laraba, 22 ga Mayu

Sun ba ni adireshina. Na baro aiki da wuri, ko takalmi ban cire ba. Yaya ya gwada. Baƙi.

Na shiga kicin na yi kukana na minti biyu. Na wanke fuska. Sai na tuna an ɗauke wuta shekaranjiya. Na duba: da wuta ta dawo, mai ƙaho ta raba sababbin lambobi, kyamara ta tashi daga 23 ta koma 31. Ƙofar tana buɗe, amma ɗakin da babu kowa take nunawa. Na ɗaure kyamarar a lamba ɗaya yadda ba za ta ƙara motsi ba, na gyara ƙofar.

Na ce wa Yaya, "Sake gwadawa."

Sai ihu, har na janye wayar daga kunne. "Ga ta! Auta, ga Inna! Tana gyangyaɗi!"

Inna ta farka ta ce ƙarya yake yi, tunani take. Na yi rawa a tsakiyar falo da rigar aiki, na manta yana kallo. Da ya gama dariya sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ta rame." Ya ce, "Ke ma kin rame."

Ni na yi. Ba mai shago ba, ba kamfani ba. Ni.

Juma'a, 24 ga Mayu

Daga wurin aiki na gan ta ta tashi da sandarta, ta je banɗaki, ta dawo, ta ɗaga wa kyamara hannu kamar mai gaida jama'a. Sau ɗaya na kira ta yau. Ban ɓata samfuri ko ɗaya ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Yaya ne ya kira ni da rana, wai tabarmar gaban banɗaki ta naɗe, Inna za ta iya tuntuɓe da ita. Na roƙi maƙwabciya ta shiga ta ɗauke. Ashe ya ɗauki safiya, tun bakwai yake buɗe kyamarar har in yi hutun rana. Ba wanda ya sa shi.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ya ce zai zo Asabar, ya nemi hutun sati biyu. Na ce ya ga dama.

Na kwashe kwalayen da ke ƙaramin ɗaki, na share, na shanya katifa. Dama kayan sun daɗe suna damuna, ba don komai ba. Filo ma sabo na saya, tsohon ya yi tauri ne.