Kafin Ruwan Shuka Ya Sauka

Zuwa ga sanyin idona, raɓar safiyata, inuwata ta tsakiyar bazara, Dakta Hamisu na cibiyar binciken yanayi ta jami'a, masanin ranar da hadari zai haɗo, wanda har yau bai san ranar da zai turo manyansa gidanmu ba!

Gaisuwa mai tarin yawa daga Guna, tare da fatan sanyin na'urar biro, ofishin nan naku, bai daskarar maka da zuciya ba.

Masoyina, ka tuna ranar da ka zo gonar Baba ka kafa gwangwanin awon ruwa? Na kawo maka fura, ka dube ni ka ce ba ka taɓa ganin ido mai kyau kamar nawa ba. Wayyo ni Wasila, har na kasa riƙe ludayi! Ashe idon da zai riƙa duba maka gwangwani kake yabo. Tun daga nan, duk safiyar da aka kwana da ruwa sai ka kira: ruwa nawa ya taru? Ina kwana ma sai daga baya, in ka tuna. Gwangwanin ka kewaye shi da waya don kada awaki su taɓa shi. Ni da me ka kewaye ni?

Na tambaye ka ko kana so na, ka ce alamu sun nuna haka. Alamu! Na tambayi zancen aure, ka ce a bari a ga yadda damina za ta kaya. Ta kaya, wata ma ta zo ta kaya, ka ce bincike bai kammala ba. Kai gawo ne, farin cikina: da rani ganye shar, ruwa na sauka sai a neme shi a rasa, wai ka tafi misyon, tafiyar aiki.

To saurara. Alkasum, mai ɗinkin takalma a Birni, ya turo kawunnansa har sau biyu, a ƙafa, cikin rana. Baba ya nemi jin ta bakina, na ce a ba ka zuwa ruwan shuka na fari. In ya sauka ba a ga naka ba, ni da kaina zan ce a karɓi gaisuwarsu. Ba na son sa kamar yadda nake son ka, wannan kuwa shi ke sa ni kuka. Amma na gaji da zama 'yar gadin gwangwani.

Jiya na ji ka a rediyo, muryar nan mai narkar da ni, kana shelar bana ruwa zai zo da wuri, manoma su shirya iri. Ko ka san abin da kake sanarwa? Shamuwa ma ta sauka kan kukar bayan gidanmu. Sau nawa kuka ce za a yi ruwa muka kwana da zufa? Ina tsoron bana ce Allah zai gaskata ka.

Ka zo, hasken raina, ka riga hadari. In ka makara, zan duba maka gwangwanin kamar kullum, in faɗa maka abin da ya taru, sannan in goge lambarka.

Taka ce ni da zuciya ɗaya, ba gaba ba baya, muddin ƙasa na bushe,

Wasila Nomau