Uwar Jirgi

Pireyas

Yaya Stamatis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

"Kwalba kawai za ki fasa, Malama, ba lacca za ki yi ba." Haka wani hafsa ya ce min a sansanin sojan ruwa, don na tambaye shi wa ya zaɓa wa sabon jirginsu na ƙarƙashin teku suna. Ni suka naɗa uwar jirgi, mai fasa kwalbar giya a jikinsa ranar ƙaddamarwa, saboda mijina, baban Lambros, a bakin aikinsu ya mutu. Lambros ɗin kuma, ɗana ɗaya tilo, a jirgin suka sa shi.

Sunan jirgin Palemon. Hafsan ya ce abin bautar mutanen da ne, mai kai matuƙa gaɓa lafiya. Gaskiya ne. Sai dai littafin da ya duba bai gaya masa farkon labarin ba, ni kuwa shi nake koya wa ɗalibai. Palemon yaro ne. Uwarsa ce ta rungume shi ta faɗa teku da shi, sai da ya nutse sannan aka fara bauta masa.

Fadan coci ya yayyafa ruwan albarka, na saki kwalbar da ke rataye a igiya. Ta bugi ƙarfen jirgin ta dawo lafiya lau. 'Yan badujala suka ci gaba da busa, amma tsofaffin ma'aikatan tashar babu wanda ya ɗaga kai. Wani kurtu ne ya ƙarasa ta da guduma, aka yi tafi.

Ka san ban yarda da camfi ba. Labari kawai nake ba ka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Evantiya

Kalimnos

Malama sarkin karatu,

Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Idan ba ki yarda ba, me ya sa kika cika min takarda? Jirgin da ya ƙi giya jini yake so, kowane yaro a tsibirin nan ya sani. Babanmu bai taɓa sa kwalekwale a ruwa ba sai ya yanka zakara ya shafa wa goshin kwalekwalen jinin, kina tsaye kina toshe hanci. Na ba direban jirgin fasinja baƙin zakara ya kawo miki. Ki kai a yanka a jikin ƙarfen kafin su tashi. In kunya ta hana ki, ki ce wa yaron ya kwanta ciwo. Ke zai ji, ni dariya zai yi min.

Allah ya tsare.
Yayanki

Pireyas

Yaya,

Ina gaisuwa. Zakara ya iso, ya cinye min furannin baranda.

Na kai shi har ƙofar sansanin cikin kwali. Mai gadi ya tambayi abin da ke ciki, ga matar kwamanda a bayana tana jiran amsa. Na ce tsofaffin littattafai ne. Littattafan suka yi cara. Na juyo da mota.

Na ba Lambros labarin Palemon muna cin wake. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Mama, ai ke ba ki iya iyo ba, sai ki tsaya a gaɓa." Maganar ciwo kuwa ban iya furta ta ba. Ni na goge masa kaki, ni na kai shi tasha da kaina. Gwaji za su yi a ruwa mai zurfi, ya ce zai kira ranar Lahadi.

Ka gaida gida.
Evantiya

Pireyas

Yaya,

Gaisuwa. Lahadi ta wuce, Litinin ma.

Ɗazu hafsan nan ya bugo waya, da ladabin da ban san shi da shi ba. Ya ce jirgin bai yi magana a lokacin da aka tsara ba, wai hakan kan faru. Suna tara iyalai a sansanin, suna so in zo in zauna da su, tunda ni ce uwar jirgi. Bai ambaci Lambros ba. Ina jin ya manta ina da ɗa a ciki.

Motarsu tana ƙasa. Na mayar da zakaran cikin kwali, na ɗauki wuƙar kicin. Wannan karon in mai gadi ya tambaya zan gaya masa.

Maƙwabciya za ta sa maka wannan a gidan waya. Bari in ja ƙofa.

Ka yi mana addu'a.
Evantiya